Kuɗin Jama'a da Ƙungiyoyin Wasanni a Kano: Wa Ya Cancanci Tallafin Gwamnati?

Gabatarwa

A duk lokacin da aka ta da zancen kuɗin da gwamnati ke kashewa kan wasanni a Kano, muhawarar takan tsaya ne a kan ƙungiya ɗaya, wato Kano Pillars. Wasu na ganin wajibi ne gwamnati ta ci gaba da ɗaukar ɗawainiyarta domin ita ce tutar jihar a idon duniya. Wasu kuwa na ganin lokaci ya yi da za a sayar da ita ga 'yan kasuwa, a huta da biyan albashin 'yan ƙwallo daga baitulmalin da makarantu da asibitoci ke jira. Dukkan ɓangarorin biyu sun manta da ɗimbin ƙananan ƙungiyoyin unguwanni da makarantun horar da matasa masu zaman kansu, waɗanda su ne ke renon 'yan wasan da Pillars ɗin take alfahari da su. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, kaso mafi tsoka na kuɗin jama'a ya kamata ya tafi ga abin da kowace ƙungiya za ta amfana da shi, kamar filaye da gasa da horar da masu horarwa, bisa ƙa'ida guda da za ta hau kan ƙungiyar gwamnati da ta masu zaman kansu ba tare da fifiko ba. Ita kuma Pillars a mayar da ita hannun magoya bayanta da masu zuba jari sannu a hankali, gwamnati na riƙe da wani kaso.

Yadda gwamnati ta zama uwar ƙungiya

Kafin a kafa Pillars, sunan da Kano ta yi a fagen ƙwallon ƙafa ya fito ne daga ƙungiyar da ba ta gwamnati ba. Raccah Rovers, wadda ta ɗauki sunan wani gidan kasuwanci da ya daɗe a birnin, ita ce ta lashe gasar ƙasa a 1978. A wancan zamani unguwannin masana'antu na Bompai da Sharada, daga baya kuma Challawa, suna cike da masaƙu da kamfanonin jima da na mai da na alewa, kuma al'ada ce ma'aikata ko kamfani ya riƙe ƙungiyar ƙwallo, ya ɗauki 'yan wasan a matsayin ma'aikatansa. Ɗan wasa yana da albashi, yana da sana'ar da zai koma idan ƙafa ta gaji.

Wannan tsari ya fara rushewa ne a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arzikin ƙasa ya shiga matsi, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986. Darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ta zama abin nema, daga baya kuma atamfofin waje suka mamaye Kantin Kwari. Kamfanin da ke fama da biyan masu aiki a kan inji ba zai tsaya ciyar da ƙungiyar ƙwallo ba. Abin bai tsaya a Kano ba. A kudancin ƙasar, Leventis United ta Ibadan da Abiola Babes ta Abekuta, waɗanda suka yi tashe suka ci kofuna, duk sun watse kafin ƙarshen waɗannan shekaru da masu su suka janye hannu.

A cikin wannan yanayi ne aka kafa Kano Pillars a 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru a Najeriya. An haɗe ƙungiyoyi uku ne: ta hukumar ruwa da gine-gine ta jiha wato WRECA, da ta Bank of the North, da Golden Stars. Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, yana cikin waɗanda suka tsaya kan wannan haɗaka. Ke nan, tun daga tushe gwamnati ta shigo ne domin cike gurbin da masana'antu suka bari. Adalci ne kuma a faɗa cewa shigowar ta yi rana. Pillars ta ci gasar ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin a lokacin, daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A 2019 ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. Ƙungiyar da ta fitar da ita a 2009, wato Heartland ta Owerri, ita ma darasi ce: a da Iwuanyanwu Nationale ce ta wani attajiri, wadda ta koma hannun gwamnatin jihar Imo a 2006 da nauyin ya fi ƙarfinsa.

Illar riƙon gwamnati

Duk da waɗannan nasarori, akwai illoli uku da ke tattare da barin ƙungiya ta zauna tamkar wani sashe na ma'aikatar gwamnati. Ta farko ita ce rashin ɗorewar shugabanci. A mafi yawan jihohin da ke da ƙungiya, gwamna ne ke naɗa hukumar gudanarwa, shi ke rushe ta, kuma sauyin gwamnati yakan zo da sauyin shugabanni. Wanda bai san ko zai kai baɗi a kujerarsa ba, da wuya ya kafa makarantar renon yara 'yan shekara 12 da sai bayan shekara bakwai za a ga amfaninta. Abin da zai sa gaba shi ne sayen 'yan wasan da suka riga suka nuna, domin ya ci wasan ranar Lahadi.

Ta biyu ita ce mutuwar zuciya wajen neman kuɗin shiga. Kano tana cikin biranen da suka fi cika filin wasa a Najeriya. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wanda ya karɓi wasannin kofin duniya na matasa a 1999 da na kofin Afirka a 2000 da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, yakan cika maƙil idan Masu Gida na wasa. Ƙungiyar da ke da irin wannan jama'a tana zaune ne a kan dukiya: kuɗin ƙofa, da sayar da riguna, da tallace-tallace, da rajistar membobi. Amma wanda ya tabbata tukunyarsa za ta hau wuta ko ya fita nema ko bai fita ba, ba ya sammako. Shi ya sa 'yan kasuwar Sabon Gari da Kwari suka fi cin ribar sayar da rigunan ƙungiyoyin Ingila da Sifaniya fiye da yadda ƙungiyar gida ke cin ribar tata rigar.

Ta uku ita ce rashin wanda za a tuhuma. A 2022 Pillars ta faɗa rukuni na biyu bayan kakar da aka ci tararta, aka zabge mata maki saboda hargitsin filin wasa, aka kuma tilasta mata buga wasanninta na gida a wasu garuruwa. Ta dawo a 2023, amma tarar da aka biya da kuɗin zirga-zirgar da aka yi duk daga aljihun jama'a suka fito, har da na matar da ke ƙauyen Doguwa wadda ba ta taɓa jin sunan mai tsaron gidan ƙungiyar ba. Idan da magoya baya suna da hannun jari a ƙungiyar, da kowane dutse da aka jefa cikin fili ya zama asara ga wanda ya jefa shi da maƙwabcinsa.

Masu zaman kansu: ƙarfinsu da rauninsu

A 'yan shekarun nan ƙungiyoyi masu zaman kansu sun sake ɗagowa. Remo Stars ta Ikenne a jihar Ogun, mallakar Kunle Soname, ta lashe gasar ƙasa a 2025, bayan ta gina filinta da makarantar renon matasa. A Kano ma, Barau FC da Sanata Barau Jibrin ya kafa ta hau rukunin ƙwararru a 2025, abin da ya ba birnin wakilai biyu, ɗaya ta gwamnati ɗaya ta mutum guda. A Hotoro kuwa, cibiyar wasanni da motsa jiki da Ahmed Musa ya buɗe a 2017 ta nuna cewa akwai masu son biyan kuɗi domin su buga ƙwallo a fili mai kyau.

Tarihin shi Ahmed Musa kansa ya isa misali kan yadda ɓangarorin biyu ke buƙatar juna. Wata makarantar horarwa mai zaman kanta a Jos ce ta rene shi. Pillars, ƙungiyar gwamnati, ita ce ta ba shi dandalin da ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, daga nan ya wuce Holan, ya je Rasha da Ingila. Dukiyar da ya samo kuma ya dawo da wani ɓangarenta Hotoro ya zuba a matsayin jarin kansa. Da an cire ɗaya daga cikin matakan nan uku, da labarin bai kai inda ya kai ba.

Sai dai kada ɗoki ya rufe mana ido. Ƙungiyar mutum guda tana rayuwa ne gwargwadon aljihunsa da sha'awarsa, kuma makomar Raccah Rovers da Abiola Babes ta isa ishara. Masu nazarin zamantakewar Hausawa sun san tsarin ubangida da bara: alheri yana gudana muddin ubangida na raye kuma yana da hali, idan ya kau sai barori su watse. Idan aka ɗauke Pillars daga hannun gwamna aka miƙa wa attajiri ɗaya, an sauya ubangida ne kawai, ba a sauya tsari ba. Haka kuma, akwai wata hanyar kuɗi da ƙungiyoyin kudu ke da ita wadda Kano ba za ta bi ba. Mai Remo Stars ya tara dukiyarsa ne ta kamfanin cacar wasanni, kuma kamfanonin caca da na barasa suna cikin manyan masu ɗaukar nauyin ƙwallo a duniya. Jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 2000, wadda Hisba ke rufe shagunan caca a cikinta, dole ta nemi masu tallafi daga wani wuri. Wannan ya sa kwaikwayon tsarin Legas ko Ogun kai tsaye ba zai yi aiki a nan ba.

Inda kuɗin ya fi amfani

Wanda ya zaga Hotoro ko Sharada ko Kurna ko Dorayi da la'asar zai ga inda ƙwallon Kano take da gaske. Matasa ne a filayen makarantun firamare da kangaye, da koci wanda sau da yawa tela ne ko malamin makaranta ko direban adaidaita sahu, yana tara naira ɗari-ɗari domin sayen ƙwallo da biyan alƙalin wasa. A ma'anar doka waɗannan ƙungiyoyi masu zaman kansu ne, domin ba gwamnati ta kafa su ba. A ma'anar aiki kuwa sun fi kowace ƙungiya zama na jama'a, domin su ne ke riƙe yaro daga ƙarfe huɗu zuwa magariba, lokacin da zaman banza ke kai wasu ga shaye-shaye da daba. Babbar barazanar da ke gabansu ita ce ƙarewar filaye, yayin da ake yanka kowane sarari a mayar da shi shaguna ko filoti.

A nan ne rabe-raben da ake yi tsakanin ƙungiyar gwamnati da mai zaman kanta ke ɓatar da mu. Tambayar da ta dace a yi kafin a saki kuɗin jama'a ita ce: wane amfani jama'a za su samu? Albashin ƙwararren ɗan wasa ɗaya amfaninsa na kaka ɗaya ne. Filin da aka killace, aka yi masa takardar mallaka da sunan al'umma, aka sa masa famfo da makewayi, zai yi wa ƙungiyoyi goma hidima shekara talatin.

Ƙasashen da suka ci gaba a wannan fanni sun bi wannan hanya. A Ingila gwamnati ba ta da ƙungiya ko ɗaya a gasar Firimiya, amma tun 2000 take haɗa kuɗi da hukumar ƙwallon ƙasar da masu gasar a wata gidauniya da ke gina filayen unguwanni. A Jamus, ƙa'idar da aka kafa a 1998 ta tanadi cewa membobin ƙungiya su ne za su riƙe rinjayen ƙuri'a ko da an shigo da masu zuba jari, in ban da 'yan ƙungiyoyi kaɗan da aka yi wa togaciya. A 2016 hukumar Tarayyar Turai ta umarci ƙungiyoyi bakwai na Sifaniya, ciki har da Real Madrid da Barcelona, su mayar da tallafin da suka samu daga hukuma, bisa hujjar cewa fifita wasu ƙungiyoyi da kuɗin jama'a zalunci ne ga abokan karawarsu.

Ba sai mun je Turai ba ma. A Jamhuriyar Nijar, tun 1975 da aka fara gasar kokawa ta neman takobin ƙasa a Tawa, hukuma ce ke ɗaukar nauyin gasar da gina filayen kokawa a manyan garuruwa, jihohi na karɓar baƙunci bi da bi. Su kuwa 'yan kokawar daga ƙauyuka da unguwanni suke fitowa, kuma a yau babu wasan da ya kai kokawa tara jama'ar Nijar wuri guda. A Kano kuma gidajen dambe sun daɗe suna rayuwa da kuɗin ƙofa da kyautar 'yan kallo, ba tare da kasafin gwamnati ba. Asalin dambe wasan mahauta ne, kokawa kuma ta manoma ce bayan an kawar da amfanin gona, sarakuna da masu hali suna ba da fili da kyauta. Al'adarmu ta riga ta san rabon aiki tsakanin mai mulki da jama'a a harkar wasa: shi ya ba da dandali ya tsare doka, su kuma su kawo 'yan wasa.

Shawarwari

Na farko, a raba kasafin wasanni gida biyu a bayyane, a kuma wallafa shi: abin da ke tafiya ga ƙungiyoyin ƙwararru na gwamnati, da abin da ke tafiya ga filaye da gasannin makarantu da na unguwanni. A sa doka cewa kaso na biyu ba zai gaza na farko ba. Gasa irin ta kofin Ramat, da ake yi a Kano domin tunawa da Janar Murtala Muhammad, ta nuna cewa akwai harsashin da za a ɗora gini a kai.

Na biyu, a kafa asusu guda da kowace ƙungiya mai rajista za ta iya nema daga gare shi, ko ta gwamnati ce ko ta unguwa ko ta attajiri, bisa sharuɗɗan da kowa ya sani: yawan yaran da take horarwa kyauta, da shaidar cewa suna zuwa makaranta, da koci mai takardar ƙwarewa, da littafin shiga da fitar kuɗi. Tallafin ya kasance na kaya da horo da inshorar rauni fiye da tsabar kuɗi, domin a rage ƙofar rabon ganima. Ƙungiyar da ke neman riba ko ta ɗan siyasa ba za a biya mata albashin 'yan wasa ba, amma tana da haƙƙin amfani da filin gwamnati a kan farashi da sharaɗi ɗaya da Pillars.

Na uku, a taimaka wa ƙananan ƙungiyoyi su yi rajistar 'yan wasansu. Dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin za a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Ƙungiyar da ba ta da rajista ba ta da hanyar karɓar wannan haƙƙi. Ofishi ɗaya da kwamfuta da ma'aikata kaɗan sun isa su buɗe wa kociyoyin unguwanni wannan ƙofa, kuma kuɗin da zai shigo ba daga baitulmali zai fito ba.

Na huɗu, a jawo masana'antun da suka rage a Sharada da Challawa da Bompai. Harajin ribar kamfanoni na gwamnatin tarayya ne, amma jiha tana da nata kuɗaɗen da take karɓa, kamar na hayar ƙasa da na allunan talla. Kamfanin roba ko na jima ko na shinkafa da ya gyara filin unguwar da ma'aikatansa ke zaune, ya kuma ɗauki nauyin gasar matasa, a yi masa rangwame daidai gwargwado. Ba za a dawo da zamanin Raccah Rovers ba, amma kamfani goma da kowanne ya riƙe fili ɗaya sun fi kamfani ɗaya da ya riƙe ƙungiya sannan ya sake ta.

Na biyar, a mayar da Pillars kamfani mai hannun jari kashi uku: na gwamnati, da na 'yan kasuwa, da na magoya baya masu katin memba da ƙuri'ar zaɓen shugabanni. A tsara janye tallafin albashi cikin shekaru, kowace shekara ana rage wani abu, domin yaye na gaggawa yakan kwantar da yaro.

Abin da masu suka za su ce

Za a ce jihar da ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024 ba ta da rarar da za ta kashe kan wasa. Amsar ita ce, tsarin da ake ba da shawara bai nemi ƙarin kuɗi ba, ya nemi a karkatar da wanda ake kashewa ne, kuma mafi yawan filayen da za a gyara na makarantun gwamnati ne. Za a kuma ce idan gwamnati ta sassauta riƙo Pillars za ta mutu. Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa aka ce gwamnati ta ci gaba da riƙe kaso. Amma ƙungiyar da dubban mutane ke cika fili dominta, suna kiran kansu Masu Gida, ta fi kowace ƙungiya a ƙasar nan damar tsayawa da ƙafarta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma hannun gwamnati ya daɗe yana ɗauka shi kaɗai alhali ga hannaye nan a tsaye suna tafi.

Kammalawa

Gwamnatin Kano ta ceci ƙwallon jihar a 1990 lokacin da masana'antu suka ja da baya, kuma kofunan da ke ajiye shaida ne. Amma yanayin da ya wajabta wancan tsari ya sauya: ga ƙungiya mai zaman kanta a rukunin ƙwararru, ga cibiyoyin wasa na 'yan kasuwa, ga ɗaruruwan ƙungiyoyin unguwanni da ba su taɓa ganin kwabon hukuma ba. Ma'aunin rabon kuɗin jama'a ya kamata ya koma kan hidimar da ƙungiya ke yi wa jama'a, ko wane ne mai ita. Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan sassan nazarin Hausa. Tarihin ƙungiyoyin kamfanoni na Bompai da Sharada, da kirarin magoya baya, da kalmomin da masu sharhin rediyo suka ƙirƙira, mafi yawansu suna bakin dattawan da suka buga wasan ko suka kalla. Tattara su yanzu zai ba masu tsara manufa hujjar da za su dogara da ita, ya kuma adana wani babi na tarihin birnin kafin masu shi su ƙare.